Hanyoyin Gane Maginin Mutum-mutumin Yumɓu: Misali Daga Italiya ta Zamanin Barok

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa nazarin rubutattun waƙoƙinmu na ƙarni na 19 ya san wahalar da ke cikin tabbatar da mawallafin waƙa. A wasu waƙoƙin mai waƙar yakan ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, har ya sa shekara da ramzi. Wasu kuwa sun iso mana ba suna ba shekara, sai masu kwafa suka jingina su ga malamin da ya fi shahara a zamanin. Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Masana tarihin fasaha na ƙasashen Turai sun daɗe suna fama da irinta game da ƙananan mutum-mutumai na gasasshen yumɓu waɗanda masassaƙan Italiya suka bari tun ƙarni na 17.

A cikin wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da waɗannan masana suke bi kafin su ce wane ne ya gina kaza. Za a ɗauki misalai daga ayyukan Gian Lorenzo Bernini, domin shi ne wanda aka fi jingina wa irin waɗannan kayayyaki, da gaskiya da kuma ba da gaskiya ba. Abin da ake so a nuna shi ne, babu wata shaida guda ɗaya da take isa a yanke hukunci da ita. Sai an tara shaidu, an auna nauyin kowace, an kuma san inda ƙarfin kowace ya tsaya.

2.0 Zamanin Barok da Matsayin Yumɓu

Barok suna ne da aka ba wani salon gini da zane da sassaƙa wanda ya bunƙasa a birnin Rum tun daga farkon ƙarni na 17, sa'an nan ya bazu cikin Turai. Alamarsa ita ce motsi: jiki a murɗe, tufafi kamar iska na kaɗa su, fuska cike da fargaba ko shauƙi. An haifi Bernini a birnin Napoli a 1598, ya rasu a Rum a 1680, ya kuma yi wa Paparoma takwas aiki. Babban abokin gasarsa shi ne Alessandro Algardi, mutumin Bolonya, wanda aka haifa a 1598 ya rasu a 1654.

Manyan ayyukan waɗannan mutane na dutsen mabul ne ko na tagulla. To, amma dutse yana da tsada, kuma abin da aka sassaƙe ba ya komawa. Saboda haka masassaƙi ba ya taɓa dutse sai ya gama shawara da yumɓu. Da farko yakan gina ƙaramin samfuri cikin hanzari, wanda sau da yawa tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, don ya ga yadda tsayuwar jiki za ta kasance. Italiyawa na kiran wannan bozzetto. In shawara ta zauna, sai a gina wani wanda ya fi girma, a gyara shi sumul, a nuna wa mai ba da aikin, a kuma ba ma'aikata su auna su fitar da shi a dutse. Wannan shi ne modello. Wani mai zane Bajamushe, Joachim von Sandrart, ya rubuta cewa Bernini ya nuna masa samfurori 22, waɗanda ya ce na kakin zuma ne, duk na mutum-mutumi guda, watau na Waliyyi Longinus da ke cikin majami'ar Waliyyi Bitrus. Wannan ya isa ya nuna yawan gwajin da ake yi kafin aiki ɗaya ya tsaya.

Waɗannan samfurori kayan aiki ne, ba kayan ado ba, don haka ba a sa musu hannu ko suna. Da yawansu sun farfashe a cikin shago. Waɗanda suka tsira kuwa, a yau ana daraja su ƙwarai, saboda a jikinsu ne ake ganin tunanin maigidan tun yana ɗanye, kafin ya bi ta hannun ma'aikata.

3.0 Inda Matsalar Take

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bernini bai yi manyan ayyukansa shi kaɗai ba. Shagonsa ma'aikata ce babba, cike da ƙwararru da masu koyo. Alal misali, a maɓuɓɓugar ruwan nan ta Koguna Huɗu da ke dandalin Navona, wadda aka gina tsakanin 1648 da 1651, tsarin nasa ne, amma ƙattan mutum-mutumai huɗu da ke wakiltar kogunan mutum huɗu dabam suka sassaƙa su: Antonio Raggi, da Giacomo Antonio Fancelli, da Claude Poussin, da Francesco Baratta. Tun kafin wannan, wani matashi mai suna Giuliano Finelli ya taimaka masa wajen sassaƙa sassa mafiya laushi na mutum-mutumin Apollo da Daphne, daga baya ya bar shagon da ɓacin rai, yana ganin an ci guminsa an ɓoye sunansa.

Duk waɗannan mutane sun iya yumɓu, kuma a gaban maigida ɗaya suka goge. Saboda haka idan aka kawo wa masani samfurin yumɓu mai kama da wani aikin Bernini, abu huɗu ne ke iya kasancewa. Ko dai gwajin farko ne da Bernini ya gina da hannunsa. Ko samfurin da wani ma'aikacinsa ya gina bisa umarninsa. Ko kwafi ne da wani ɗalibi ya yi bayan shekaru yana kallon aikin da aka riga aka kafa. Ko kuma jabu ne da aka ƙera don a yaudari mai saye. Na huɗun nan ba zato ba ne kawai. Gidan kayan tarihi na Louvre a Faransa ya taɓa mallakar wani kan mutum na gasasshen yumɓu a kan cewa aikin tsofaffin gwanayen Italiya ne, ashe wani mai rai a lokacin, Giovanni Bastianini, shi ya gina shi 'yan shekaru kaɗan kafin nan. Kama da wane ba wane ba ne.

4.0 Shaidun da Ake Nema

4.1 Takardu da Salsala

Shaida ta farko ita ce ta takarda: yarjejeniyar aiki, da littattafan biyan kuɗi na fadar Paparoma, da wasiƙu, da jerin kayan gado. Daga nan sai a bi salsalar abin, watau hannayen da ya bi tun daga shago har zuwa yau. Takardun Rum na wannan zamani suna da yawa, amma yawancinsu a kan babban aikin suke magana, ba a kan samfuri ba. Ko da aka rubuta kayan gidan Bernini bayan rasuwarsa, an ambaci samfurorin yumɓu a dunƙule ne, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Ita ma salsala sau da yawa takan yanke a tsakiya. Jami'ar Harvard ta Amurka ta sayi tarin samfurorin yumɓu a 1937, waɗanda a cikinsu akwai kimanin 15 da ake ɗauka na Bernini ne. Ana iya bin sawunsu baya har zuwa hannun Giovanni Piancastelli, wani mai zane da ya shugabanci gidan kayan tarihi na Borghese a Rum, amma tsakanin rasuwar Bernini da zamanin wannan mutum akwai wajen shekara 200 waɗanda takarda ba ta cike su ba. Haka nan tarin da Filippo Farsetti ya yi a birnin Fenis a ƙarni na 18, wanda yawancinsa ya koma Rasha, yana gidan kayan tarihi na Hermitage. Jerin kayan wannan tari ya sa wa samfurori sunayen magina, amma an rubuta shi ne bayan duk maginan sun daɗe da mutuwa, kuma mai tara kaya a kullum ya fi son babban suna. Tsufan takarda ba shi ne gaskiyarta ba.

4.2 Salo

Shaida ta biyu ita ce ta ido. Masani yakan kwatanta samfurin da ayyukan da babu shakka a kansu. Bernini yakan murɗa jiki, ya zurfafa ninkin tufa har inuwa ta kwanta a ciki. Algardi kuwa ya fi son natsuwa da daidaito, samfurorinsa kuma sun fi zama a gyare. A ƙarni na 19 wani Ba'italiye, Giovanni Morelli, wanda ya karanci aikin likita, ya kawo wata shawara game da zane-zane wadda ta yi tasiri har a fagen sassaƙa. Ya ce kada a nemi mai aiki a wuraren da kowa ke kallo, domin nan ne mai kwaikwayo yake zuba ƙoƙarinsa. A neme shi a wuraren da ba ya kula da su, kamar kunne da farce da yatsu, inda hannu ke tafiya bisa sabo.

Raunin wannan shaida a fili yake. Ido na mutum ne, kuma masana biyu sukan kalli abu ɗaya su saɓa. Bugu da ƙari, akwai wani tarko: in samfuri ya yi kyau sai a ce na maigida ne, in ya yi rauni sai a ce na yaro ne, alhali maigida ma yakan yi aikin gaggawa, a cikin yaran kuma akwai gwanaye. Melchiorre Cafà, mutumin tsibirin Malta, wanda ya yi aiki a shagon Ercole Ferrata ya kuma rasu a 1667 yana ɗan shekara 31 ko kusa da haka, ya iya yumɓu iyawar da ba ta gaza ta kowa ba a Rum ta zamaninsa.

4.3 Jikin Yumɓun Kansa

A nan ne aka fi samun ci gaba a 'yan shekarun baya. Ɗanyen yumɓu ba ya mantuwa: duk abin da ya taɓa shi yakan bar alama, wuta kuma ta tabbatar da alamar. Anthony Sigel, wanda a lokacin yake kula da lafiyar kayan tarihi a Harvard, ya shafe shekaru yana binciken samfurorin Bernini da madubin ƙara girma, da fitilar da ake haskawa ta gefe don ƙananan alamu su fito, da kuma na'urar ɗaukar hoton ƙashi irin ta asibiti. An bayyana sakamakon wannan aiki a wani baje koli da aka yi a gidan kayan tarihi na Metropolitan a Niyu Yok a 2012, da na Kimbell a jihar Tekzas a 2013.

Hoton na'urar yana nuna yadda aka fara ginin: ko daga dunƙulen yumɓu guda aka matso siffar, ko guntu-guntu aka liƙa, ko an rarake cikin kafin a gasa don kada ya fashe. A waje kuma ana ganin sawun kayan aiki, kamar na itace mai haƙora da ake kankare yumɓu da shi, da na tsumma ko burushi da aka shafe fuska da shi, da na zaren ƙarfe da aka yanke gindin daga kan allo. An lura cewa ƙananan samfurorin Bernini yawanci dunƙulallu ne, kuma yakan bar bayansu ba gyara, domin gaban kaɗai yake bukatar gani. An kuma lura da wasu ɗabi'un yatsunsa masu maimaituwa, kamar tura yumɓu a kewaye da gaɓa maimakon bin tsawonta, da barin sawun farce a wajen wuya. Wannan ita ce shawarar Morelli, amma an sauko da ita daga siffa zuwa motsin hannu.

Jikin yumɓu yana kuma tona asirin kwafi. Yumɓu yakan tsuke da kamar kashi ɗaya cikin goma idan ya bushe aka kuma gasa shi. Don haka samfurin da aka fitar ta hanyar danna yumɓu cikin zubin wani samfuri dole ya fi na asali ƙanƙanta, kuma sau da yawa akan ga layin da ɓangarorin zubin suka haɗu. Akwai kuma ƙananan huji da layuka da tsinin kamfas ya bari a jikin wasu samfurori, inda aka ɗauki awo don a faɗaɗa aikin. Waɗannan suna nuna cewa an yi aiki da samfurin a cikin shago, ba kwafin ɗalibi ba ne na daga baya.

4.4 Zanen Yatsa

A jikin samfurori da dama akwai zanen yatsa a fili, kamar wanda 'yan sanda ke ɗauka. An ɗauki hotunansu, an ba ƙwararru sun kwatanta, an kuma sami wasu da suka yi daidai a tsakanin samfurori dabam-dabam. Mai karatu zai ce to magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin babu inda Bernini ya dangwala yatsa a takarda aka rubuta sunansa a ƙasa. Abin da daidaituwar ke tabbatarwa shi ne mutum ɗaya ya taɓa samfuran biyu tun suna ɗanye. Yana iya zama maigida, yana iya zama yaron da ya ɗauke su ya kai inuwa. Saboda haka akan duba inda zanen yake. Wanda ke ƙarshen jan yatsa, inda aka tsara kafaɗa ko fiffike, na magini ne. Wanda ke gindi ko gefe, inda ake kamawa a ɗaga, bai da wannan nauyi.

4.5 Gwajin Shekaru

Tun daga shekarun 1960 masana kimiyya, musamman a Jami'ar Oksfod, suka inganta wata hanya ta gane lokacin da aka gasa yumɓu. A cikin yumɓu akwai ƙwayoyin ma'adinai masu tara wani ƙarfi da ke fitowa daga ƙasa a hankali. Zafin gashi yakan kore duk abin da suka tara, sai su fara tari daga farko. In aka ɗebi ɗan gari daga jikin abin aka zafafa shi a ɗakin gwaji, yakan fitar da ɗan haske, yawan hasken kuma shi ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashin. Da wannan hanya ce ake gwada mutum-mutuman Nok na ƙasarmu. Amma awon ba ya faɗin shekara takamaimai, yakan bar ratar shekaru masu dama gaba da baya. Yana iya raba aikin ƙarni na 17 da jabun ƙarni na 19 ko na 20. Ba ya iya raba Bernini da Raggi, waɗanda suka gasa yumɓu a gari ɗaya a shekara ɗaya.

5.0 Misalai Biyu

A 1667 Paparoma Clement na 9 ya ba Bernini aikin ƙawata gadar Sant'Angelo da ke kan kogin Tiber da mutum-mutumai goma masu siffar mala'iku bisa ga al'adar Kirista. A lokacin Bernini ya kusa shekara 70. Ya tsara aikin duka, ya raba wa masassaƙa, cikinsu har da Raggi da Ferrata da Domenico Guidi, ya kuma sassaƙa biyu da hannunsa. Waɗannan biyu ba a kafa su a kan gadar ba, an sa kwafinsu a madadinsu; su kuwa na asalin suna majami'ar Sant'Andrea delle Fratte tun 1729. A yau akwai samfurorin yumɓu na waɗannan mala'iku a Harvard, da Kimbell, da Louvre, da Hermitage, da Rum kanta.

Ta yaya ake rarrabe su? Ka'ida ɗaya mai amfani ita ce, samfurin da ya yi daidai da gamammen aiki ƙwarai da gaske shi ne abin tuhuma, domin mai kwafi abin da ya gani yake bi. Wanda ya saɓa, ƙafa a wani wuri dabam, tufa ta kwanta wata fuska, ga kuma alamar an ciro yumɓu a nan an ƙara a can, shi ne ya fi kama da aikin mai neman shawara. Idan aka jera samfurorin mala'iku biyu na Bernini, ana iya ganin yadda tunanin yake sauyawa daga wannan zuwa wancan har ya kai ga abin da aka fitar a dutse. Wannan jeri, tare da zane-zanensa na takarda da ɗabi'un yatsun da aka ambata, su ne suka taru suka ba masana ƙarfin zuciya, ko da yake ba takardar da ta ambaci kowane samfuri da sunansa.

Misali na biyu shi ne samfurin maɓuɓɓugar Moro, ita ma a dandalin Navona. Bernini ya tsara ta a 1653 a zamanin Paparoma Innocent na 10: wani ƙaƙƙarfan mutum tsaye a kan katantanwa yana kokawa da kifi. Giovanni Antonio Mari ne ya sassaƙa ta a dutse. Samfurin yumɓunta, mai tsawon kimanin santimita 80, gidan Kimbell ya saye shi a 2003, yana kuma daga cikin mafiya girma da kammaluwa a samfurorin da ake jingina wa Bernini. A nan akwai abin lura. Iyakar yadda aka gyara samfuri sumul, iyakar yadda aka shafe sawun yatsa daga jikinsa, kuma irin wannan gyara aiki ne da ma'aikaci ke iya taimakawa a ciki. Ke nan guntun samfuri mara kai mara hannu wani lokaci ya fi kyakkyawa sauƙin tabbatarwa. Game da irin na Moro, dole mai bincike ya leƙa lungunan da tsumma bai kai ba, ya duba yadda aka haɗa cikinsa, ya kuma kwatanta shi da abin da Mari ya fitar.

6.0 Kalmomin Hukunci

Da yake shaidu ba su zama ɗaya wajen ƙarfi, masana sun tsara matakan magana, kuma kowace kalma tana da nauyinta. Ana iya kawo su da Hausa kamar haka. Idan aka ce “aikin wane”, an tabbata. Idan aka ce “ana jingina shi ga wane”, zato ya yi ƙarfi amma da sauran shakka. “Na shagon wane” yana nufin an yi shi a ƙarƙashin idonsa, ba lalle da hannunsa ba. “Na mabiyan wane” yana nufin wani ne na zamaninsa ko na kusa da shi da ya ɗauki salonsa. “Kwaikwayon aikin wane” kuwa kwafi ne, ko na wane zamani. A kasuwar gwanjo, sauka daga mataki na farko zuwa na uku na iya zubar da mafi yawan kuɗin abu, shi ya sa ba a rasa mai matsa wa masani lamba ya hau sama. Kuma hukuncin ba ya zama na har abada: sabuwar takarda ko sabon gwaji na iya ɗaga samfuri ko ya sauke shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa takarda tana faɗin wanda aka ba aiki, ba ta faɗin wanda ya murza yumɓu. Ido yana gane salo, amma yana ruɗuwa da kyau. Zanen yatsa yana haɗa samfuri da samfuri ba tare da ya faɗi suna ba. Gwajin haske yana ba da ƙarni, ba ya ba da mutum. Sai waɗannan sun haɗu sun fuskanci wuri guda sa'an nan masani yake da ikon cewa aikin wane ne, in kuwa ba su haɗu ba, wajibinsa ne ya tsaya a matakin da shaida ta kai shi.

Amfanin wannan taka-tsantsan bai tsaya ga kuɗi ba. Duk samfurin da aka ba Bernini alhali na Raggi ne ko na Cafà, an yi hasara biyu: an ɓata fahimtarmu game da Bernini, an kuma binne sunan wani gwani. Manazartan adabinmu da ke fama da waƙoƙin da aka tara a ƙarƙashin sunan babban malami guda za su iya amfana da wannan tsari, musamman matakan hukuncin da aka kawo a sama, domin faɗin “ana jingina ta ga wane” a inda ya dace ya fi amfani ga na baya a kan tabbacin da ba shi da tushe.